Gidan da ke Bayan Katangar Filin Jirgi

Akwai wani ɗan kasuwa da abokansa ke kira Ɗan Sama, saboda kullum yana cikin jirgi. Ko taron da waya za ta wadatar, sai ya ɗauki jaka ya tashi. Don kada ya riƙa makara, har gida ya saya a bayan katangar filin jirgin sama.

Matarsa ce ta fara ƙorafi. In ta goge taga da safe, kafin la'asar baƙin hayaƙi ya sake kwanciya. In ta yi shanya, sai ta kwashe kayan suna warin kananzir.

"Ke dai ba ki san ƙamshin arziki ba," in ji shi, yana dariya.

Wata rana maƙwabcinsa, wani tsohon tela, ya yi masa sallama. Ya ce mutanen layin za su je su roƙi masu filin su daina kunna injin jirage a jikin katangar, don tari ya addabi yara. Suna so ya raka su, tunda shi ana jin maganarsa.

Ɗan Sama ya dubi agogo. "Baba, ni da jirgi ke ciyar da ni? Wanda hayaƙi ya dama, ai ga hanya nan, ya tashi."

"Allah ya huci zuciyarka," in ji tela. Ya koma kan kekensa.

Bayan 'yan watanni mahaifiyar Ɗan Sama ta dawo gidan da zama. Inna mai son hantsi ce, kullum tana kan tabarma a tsakar gida. Ba a daɗe ba ta fara tari. Ya ce mura ce, ya sayo mata magani, ya yi tafiyarsa.

Yana sauka ya kunna waya, sai ga kiran matarsa. Ta ce numfashin Inna ya sarƙe. Matar ta fita da gudu tana neman taimako, tela ne ya bar ɗinki, ya tare mota, ya kai su asibiti.

Da Ɗan Sama ya iso, likita ta tambaye shi inda Inna ke zama. Ya faɗa mata. Sai ta ce:

"Ba zan ce hayaƙin ne kaɗai ba, ƙirjinta dama ba shi da ƙarfi. Amma in ta koma tana shaƙarsa, za ku dawo."

A bakin ɗakin ya tarar da tela zaune kan benci, har yanzu da tef ɗin awo a wuyansa. Ɗan Sama ya durƙusa a gabansa.

"Baba, abin da na faɗa maka..."

"Tashi, ɗana. Uwarka uwarmu ce. Iskar da take shaƙa, ita jikokina ke shaƙa."

Aka mai da Inna gidan yayarsa. Shi kuma ya shige gaban mutanen layin suka je suka kai kukansu, ya kuma rage hawa jirgi sai in ya zama dole.

Inna ta samu sauƙi. Amma har yau, in ta ɗaga hannu za ta sa masa albarka, sai ta tsaya a tsakiya ta ja numfashi kafin ta ƙarasa. Shi kuwa yakan sunkuyar da kai ya jira.

Darasi: Kada jin daɗinka ya toshe maka kunne daga kukan maƙwabci. Hayaƙin da ka raina don wani yake damu, wata rana naka zai shaƙa. Ku tura wa 'yan uwa, ko wani zai yi tunani kafin tafiyar da ba dole ba.