Fasinjan da Ba Ya Jin Zafi

A unguwarmu da ke kudancin Minneapolis an yi wani mutum mai suna Curtis Halvorsen, malamin koyar da tuƙi. Ya iya sana'arsa ƙwarai, sai dai yana da hali guda: gani yake doka ta marasa dabara ce.

Kowace safiya babban titin shiga gari yakan cushe, amma layin hagu gudu yake yi sumul. Motar da ta ɗauko mutum biyu kyauta take bin sa. Mai tafiya shi kaɗai kuwa sai ya biya, kuma kuɗin da allon bakin titi ke nunawa ƙaruwa yake yi idan cunkoso ya tsananta. Na daɗe ina kallon yadda masu tafiya su kaɗai suke yi da allon farashin nan. Wasu sukan yi sammako. Wasu su haƙura da jerin gwano, suna sauraron rediyo. Wasu kuma, abin mamaki, sai farashi ya hau suke shiga, wai alama ce gaba ta rincaɓe.

Curtis bai zaɓi ko ɗaya ba. Maƙwabciyarsa Marlys, wata dattijuwa mai aiki a ɗakin karatu na cikin gari, ta ba shi shawara su riƙa tafiya a mota ɗaya. Ya ce shi ba ya son surutu da safe. Sai ya sayo mutum-mutumin da ake sa wa tufafi a kanti. Lokacin hunturu ne, don haka ya zura masa rigar sanyi mai kauri da hular ulu, ya naɗe masa wuya, ya zaunar da shi a kujerar gaba, ya raɗa masa suna Gus.

Da Marlys ta leƙa ta gani, ta tuna masa cewa makarantar tuƙin da yake koyarwa ba ta barin malamin da aka kama da ha'inci a kan titi.

Ya yi dariya ya ce, "Kwantar da hankalinki, maƙwabciya. Gus ba ya tona asiri, kuma bai taɓa ba ni labarin jikokinsa ba."

Haka suka yi ta wucewa kyauta har ƙanƙara ta narke. Curtis ya saba da Gus har ya daina kallonsa. Shi ya ajiye rigar sanyinsa tuni, amma ya manta da ta fasinjansa.

Wata safiya a watan Yuli, ana zafi mai sa gumi tun da hantsi, wata 'yar sanda ta tsayar da shi. Ba zarginsa ta yi ba. Tausayi ne ya kama ta, ta zaci fasinjan wani tsoho ne marar lafiya da ake kaiwa asibiti. Ta sunkuya ta tagar fasinja ta gaishe shi, shiru. Ta ɗaga hular a hankali.

"Yallaɓai," in ji ta, "abokin naka ko gumi ba ya yi."

Tara ta biyo baya, labari ya kai makaranta, aka sallame shi. Wa zai ba shi ɗansa ya koya masa bin doka? Da ƙyar ya samu aiki a wani kantin kayan gini a cikin gari, albashin bai kai ya riƙa shiga gari da motarsa ba. Dole ya ƙwanƙwasa ƙofar Marlys, kansa a sunkuye.

Ta buɗe masa ƙofar motarta, ta miƙa masa kofin gahawa.

"Shigo ka zama Gus ɗina," ta ce. "Amma ni nawa fasinjan amsawa yake yi. Bari in fara da babban jikana."

Mai karatu, darasin a fili yake. Hanyar gaskiya tana ƙofar gidan Curtis tun farko, kuma kyauta ce, haƙuri da hirar maƙwabciya kawai take nema. Ƙarya kuwa kullum sai an yi mata hidima, kuma ranar da ka manta da ita, ranar take tona ka. Kada ka sayar da amanar sana'arka don ka riga mutane isa.