Tayar Ciki

Akwai wani mutum, ba ɗan ikilisiyar nan ba ne, don haka kada kowa ya waiwayi maƙwabcinsa. Mutumin nan ya sayi motar yawon shaƙatawa, mai gado da murhu a cikinta. Tsawonta kuwa, in gabanta ya isa kasuwa, bayanta na nan gida ana yi masa sallama. Tayoyin bayanta bibbiyu ne a kowane gefe, ɗaya a waje, ɗaya ɓoye a ciki.

Surukarsa, uwar matarsa, ta tsufa ƙwarai, ba ta da sauran buri sai ta ga giwa da idonta. Ya yi alkawari a gaban dangi zai kai ta gandun daji.

Da ranar ta zo, ya tashi da safe, ya auna iskar tayoyin waje da geji, ya ƙara wa mai bukata, ya goge su da mai har suna walƙiya. Matarsa ta ce, "Baban Filibus, na cikin fa?"

Ya ce, "Sai na kwanta a ƙasa da farar riga? Wa zai leƙa can?" Ya hauri ta waje da ƙafa, ta yi ƙara, ya ce, "Kin ji lafiya."

Ashe ta ciki ta hagu ta daɗe da sacewa. Suka ɗora buhun shinkafa, da randa, da tsohuwa a kan gado, suka kama hanya. Ta waje ta ɗauki kayan biyu ita kaɗai. Ta yi zafi, ta yi haƙuri, da rana ta take sai ta fashe, a dajin da ko mai faci bai taɓa mafarkinsa ba.

Tsohuwa ta ɗaga labule, ta ga wani jaki yana kallonsu. Da yake ba ta yi wa surukinta magana kai tsaye, sai ta ce wa 'yarta, "Ke, tambayi mai gidan naku, giwar ke nan? Ta rame."

Shi kuwa yana ƙarƙashin mota da farar rigar. A bayan motar itace aka mayar da tsohuwa gida, ta kuma ce ta yafe, ba ta sake hawa.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ba ta da wuya. Tayar waje ita ce abin da mutane ke gani: zuwa sujada, da baikon kuɗi da kake sakawa a ikilisiya, da muryarka a cikin mawaƙa. Tayar ciki ita ce addu'arka a ɗaka, inda ba mai tafa maka. In ta sace ba ta yin ƙara, ta waje kuma za ta rufa maka asiri, amma ba har abada ba. Ranar da kaya suka yi nauyi, ba kai kaɗai za ka tsaya a daji ba, har da waɗanda suka amince suka hau motarka. Ba a auna ta ciki a tsaye. Sai an durƙusa.