Ƙonannen Littafin Fadama

Ku matso kusa ku kasa kunne, don in na gama ku ne alƙalai.

A wani gari na bakin kogi, wani attajiri mai suna Alhaji Korau ya kewaye fadamar talakawa da waya, ya ce tasa ce. Kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, ban da wasu aminai uku.

Ta farko Barmani ce, malamar firamare. Gida-gida ta bi tana jin ta bakin tsofaffi, ta rubuta littafi a kan fadamar: wanda ya fara sare ta, wanda ya gada, da yadda aka ƙwace. Korau ya sa aka kama ta, aka ƙone rubutun a gabanta. Aka ce ta ƙaryata kanta a sake ta. Ta ce, "Ku bar ni a nan in ruɓe. Abin da na rubuta, na rubuta."

Ta biyu Lantana, mai sayar da fura. Ba ta iya karatu ba, amma duk babin da Barmani ta gama sai ta karanta mata, ita kuwa Allah ya ba ta kai. Yaran Korau suka fasa mata ƙwarya, suka ce in ta buɗe baki ta bar garin. Washegari ta tafi wurin amininsu Nomau, ta zauna ta zubo littafin daga ka, tun daga farko har ƙarshe. Inda ta manta kalma, ta sa tata, har wasu ke cewa nan ya fi daɗi.

Nomau shi ne na uku, mai injin buga katin biki. Shi ya rubuta abin da Lantana ta faɗa, ya buga. Aka zo aka ɗauke injin, abin da yake ci da iyalinsa ke nan. Ya ce, "Inji kuka ɗauka, kun makara." Ya ɗora littattafan a keke, ya bi kasuwannin ƙauye yana rabawa, yana tsayawa yana karanta wa mutane da ƙarfi.

Maganar ta bazu har ta fi ƙarfin Korau. Manoma suka taru suka shigar da ƙara, kotu ta sa aka cire waya, aka saki Barmani ta fito a rame.

Da aka girbe shinkafar farko, mutanen gari suka gina ɗakin karatu a bakin fadamar, suka ce sunan mutum ɗaya za a rubuta a ƙofa. Wasu suka ce Barmani, wasu Lantana, wasu suka rantse sai Nomau. Har yau ƙofar ba suna.

To, ku da kuka ji, sunan wa ya kamata a rubuta?