Takwaran Ɗan Hakama

Ku gyara zama, ga wata nan ta iso ku. Amma ku sani ba a jin ta kyauta, duk wanda ya kai ƙarshenta sai ya yi alƙalanci kafin ya tashi.

A wani gari da ake kira Tungar Korau an yi wata mai tuyar ƙosai, sunanta Hakama. Ita ce auta a gidansu, yayyenta maza uku ne, Haladu da Ya'u da Mudi. Tsakanin garinsu da kasuwar da take kai ƙosai akwai wani kwari, Kwarin Dila, da ruwa ke bi da damina. Mutanen Tunga suna da wata ƙa'ida da suka gada a kan kwarin nan. Suka ce in ka ji tsawa a gabas, ka ɗora tukunya, ka tuƙa tuwo, ka ci, ka wanke hannu, sannan ka tsallaka, ruwa bai iso ba. Kuma a zamanin da aka yi maganar gaskiya ce, don a lokacin kurmi ne tun daga gabas har bakin gari, sai ruwa ya tsaya ya gaisa da kowace saiwa kafin ya wuce.

To, zamani ya juya. Zafi ya ƙaru har kaji na buɗe baki tun da hantsi. Damina ta zama ba ta da alƙawari, sama ta riƙe ruwa sati uku shuka na ƙonewa, sannan ta juye na wata guda a yini ɗaya. Wata rana malamin gona ya zo ya tara jama'a a dandali. Hakama na gefe da kaskonta, kuma ita Allah ya yi ta da kwaikwayo, har yau in ta so a yi dariya sai ta turo ɗankwali gaban goshi kamar hularsa, ta ɗaga yatsa, ta maimaita abin da ya ce ranar:

“Jama'a, duniya fa an lulluɓe ta da bargo! Hayaƙin masana'antu, hayaƙin motoci, shi ne bargon. Mafi yawansa a manyan ƙasashe aka saƙa shi, amma mu ma muna ƙara namu zaren duk ranar da muka kayar da bishiya.”

Wani tsoho ya ce, “Malam, wannan ai ikon Allah ne.”

Malamin ya ce, “Ikon Allah ne, Baba. Amma gatarin na wa ne?”

Aka yi dariya aka watse, kowa ya koma ga abin da ya saba. Hakama ma ta ƙara gawayi a murhunta.

Yanzu bari ku ji yayyenta.

Haladu, babbansu, mutum ne mai sanyin jiki. In ya fara magana da azahar, sai ka yi la'asar ka dawo ka tarar da sauranta. A Tunga kuwa gonar kirki ita ce wadda za ka tsaya a wannan kai ka hango kaza a wancan kan, ba kututture ba toho. In an zo sassabe, a sare a tara a ƙone. Shi kuwa Haladu, da wani kututturen kirya ya yi toho a gonarsa, daidai gaɓar kwari, sai ya bar shi. Ya rage masa rassa, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ba wani hangen nesa ya yi ba, wurin ƙailula yake nema. Shekara goma sha biyar ana kiran gonarsa gonar rago, har matarsa ta daina zuwa kai masa abinci don gori. Da kiryar ta girma, ba mai gawayin da bai taya ta ba, don kowa ya san gawayin kirya ba na biyunsa. Amsarsa ɗaya ce: “To... in na sayar... a ina zan kwanta?”

Ya'u, na tsakiya, shi ne mai gawayin. Ƙato ne, muryarsa kamar ana mirgina ganga. Da gatarinsa da wata doguwar igiya da yake ɗaura wa bishiya ya ja ta ta faɗi inda yake so, ya share bakin kwarin nan tas, marke da kanya da ɗorawa, bai bar ko sandar kiwo ba. Sau biyu yana zuwa wa kiryar wansa da gatari, sau biyu yana tarar da Haladu kwance ya rungume gindinta. Amma fa kada ku yi saurin zagin sa. Da gawayin nan ya ciyar da tsohuwarsu shekarun da gero ya ƙi, kuma rabin tukwanen Tunga a kan gawayinsa suke tafasa, har da kaskon Hakama, ita kuwa ba ya karɓar ko sisinta.

Mudi, na ukun, direba ne. Yana da wata tsohuwar akori-kura da yake kai gawayin birni. Hayaƙin motar nan yana riga ta shiga gari, mata na jin tarinta suke rugawa su kwashe shanya. In Hakama ta yi masa maganar bargon malamin gona sai ya kaɗa makulli a yatsa ya ce, “Haba Auta, ɗan wannan hayaƙin? Ai ko hular jariri ba zai saƙa ba.” Ba abin da yake so a duniya kamar motar nan. Da kansa yake wanke ta, kuma ko uwarsu ce za ta shiga sai ta kakkaɓe takalmi.

Ana nan, wata damina, Hakama na da ciki wata takwas. Ran kasuwa ta sayar da ƙosanta da wuri, ta ɗauko kasko ta nufo gida, rana tsaka, sama fari tas a kanta. Ta ji tsawa can gabas. Ta lissafa a ranta kamar yadda uwarta da kakarta suka lissafa: ko tukunya ba a ɗora ba tukuna. Ta gangara cikin kwari.

Ba ta kai tsakiya ba ta ji wani gurnani. Ta waiga, sai ga ruwa ja wur ya taho a tsaye kamar katanga, ɗauke da karan gero da mushen akuya. Babu sauran saiwar da zai tsaya ya gaisa da ita. Kafin ta gama salati ya ɗauke ta. Tana ganin gaɓa na zubewa hagu da dama kamar garin tuwo, ta kai hannu ta kama ƙasa, ƙasar ta biyo ta. Can sai ta ji bayanta ya daki wani abu mai tauri. Saiwoyin kiryar Haladu ne. Duk tsawon kwarin nan, nan kaɗai gaɓa ta tsaya, don saiwa ta riƙe ta. Ruwa ya zagaye wurin ya mai da shi tsibiri. Hakama ta cusa hannu cikin saiwoyin, ta maƙale, ruwa iya ƙirjinta. Haladu kuwa ranar ko gona bai je ba, yana gida ana tausa masa ƙafa.

Masu dawowa daga kasuwa suka taru a gaɓa suna salati, ba mai iya shiga. Sai ga Ya'u da igiyarsa a kafaɗa. Ya waiga yana neman bishiyar da zai ɗaura ta, ya duba gabas ya duba yamma, fili fetal, sai baƙaƙen kututture da shi da kansa ya bari. Ya ce tun da aka haife shi bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ya ɗaura a kututture ɗaya, ya ɗaura ɗaya bakin a ƙugunsa, ya faɗa. Sau biyu ruwa na maka shi da ƙasa. A na ukun wani gungume ya dake shi a kafaɗa, hannun dama ya saki, da hagu ya iso ta. Ya kwance igiyar daga jikinsa ya ɗaura mata a ƙarƙashin hammata, ya daka wa mutane tsawa su ja. Shi kuwa ya zauna a saiwar bishiyar da ya so ya sare har ruwa ya janye. Hannun nan bai ƙara ɗaga gatari ba.

Ana fito da ita naƙuda ta taso. Ungozoma ta duba ta ce ɗan a gicciye yake, wannan ba aikinta ba ne, sai asibiti. Asibiti kuwa na can kan titi, ga kwalbatin hanya ruwa ya tafi da shi. Mudi ya riga ya yi lodi zai tafi birni. Nan take ya hau bayan mota ya dinga tunkuɗo buhunan gawayi ƙasa, ya bar kaɗan. Aka shimfiɗa Hakama da jiƙaƙƙen zane da laka a inda ko ƙura ba ya bari ta sauka. Ya yanki gonaki. Duk inda taya ta kafe, ya sauka ya jefa buhu a ƙarƙashinta ya taka ya wuce. Inji ya yi zafi har yana tururi, ya san abin da hakan ke nufi, bai ɗaga ƙafa ba. A daidai ƙofar asibiti motar ta yi wani tari na ƙarshe, inji ya buga. Ya ɗauki ƙanwarsa a hannu ya ƙarasa da ita. Ma'aikaciyar jinya ta ce da sun ƙara ko rabin sa'a, da uwa da ɗa ba wanda za a samu. Aka haifi namiji, ƙarami amma da ƙarfin kuka. Motar kuwa tana nan har yau, kaji na ƙwai a cikinta.

Mata suka yi wa yaro laƙabi da Anaruwa tun a asibiti. Amma sunan yanka fa? Mijin Hakama, Malam Isuhu, ya ce, “Ni ina nesa aka yi abin nan. Ke kika sha ruwan, ke za ki zaɓa. Sai dai yaro ɗaya ne, suna ɗaya zai ɗauka.”

Kwana shida Hakama na wankan jego tana juya maganar. In ta tuna taurin saiwar nan a bayanta sai ta ce Haladu. Sai kuma ta tuna barci ya sa shi, kuma ranar ko tarinsa ba a ji ba. In ta shafa shatin igiya a hammatarta sai ta ce Ya'u. Sai ta tuna wanda ya tuɓe kwarin har ruwa ya samu hanya. In yaro ya yi kuka sai ta ce Mudi, don ba don shi ba da ba ta ji kukan nan ba. Sai ta tuna wanda ke kwashe dajin buhu-buhu yana kai wa birni, yana barin hayaƙi a baya. Da ta zo nan sai ta dubi hannunta, ta tuna wa ke hura gawayin kowace safiya.

Ana gobe suna yayyen suka zo barka, da la'asar. Haladu ya zauna ya miƙe ƙafa. Ya'u hannu rataye a wuya. Mudi na kaɗa makullin motar da babu.

Hakama ta durƙusa ta ce, “Yayyena, ban san da bakin da zan gode muku ba.”

Ya'u ya ce, “Gode wa ragon nan, Auta. Karo na farko da barci ya yi wa wani rana.”

Haladu ya ce, “To... ai da ka sare ta... da yanzu... ana zaman makoki.”

Mudi ya ce, “Ku yi ta musu. Da kun bar ta ta haihu a kan bishiya kamar jemage.”

Ya'u ya ce, “Kai rufe mana baki, mai tafiya a ƙasa.”

Suka kwashe da dariya, har Hakama ta riƙe ciki. Kafin su tashi Ya'u ya sunkuyar da kai ya tambayi wansa yadda ake rage wa toho rassa, don kututturen da ya riƙe igiyar nan ya fara tsiro, kuma ya rantse ba mai taɓa shi. Mudi ya ce in ana neman mai ɗebo ƙaya, ai shi yanzu ba shi da aikin yi. Ba wanda ya yi zancen suna a cikinsu, amma kowanne da zai fita sai ya leƙa fuskar yaron ya daɗe, kamar mai neman kamanninsa.

Ranar ta zo. An ɗaure rago, an raba goro, wanzami na wasa aska, liman ya zauna a zaure. Malam Isuhu ya leƙo ɗaki ya ce, “Hakama, jama'a na jira. Wa zan ce?”

Ta dubi yaron, ta buɗe baki.

To, ni a nan na tsaya, saura ku. Ba don bishiya ba da igiya ba ta tarar da kowa ba. Ba don igiya ba da mota ba ta da wanda za ta ɗauka. Ba don mota ba da duk wahalar ta tashi a banza. Ga wanda ya raini bishiya shekara goma sha biyar don barcinsa, ga wanda ya share daji kuma ya ba da hannunsa, ga wanda ya yi ta tura hayaƙi sama kuma ya kashe abin da ya fi so. Ku gaya mini, sunan wa ya kamata a raɗa wa ɗan Hakama?