Kusurwar Tabawa Mai Daddawa

Tabawa mai daddawa ta rasa gidan da aka kai ta tana amarya, da rijiyarsa, da maƙwabtan da suka taya ta takaba. Abin da ta samu kuwa fili ne a gefen majema, inda ko ƙuda sai ya daure yake sauka. Ga yadda aka yi.

A zamanin da, an yi wani sarki wanda gobara ta cinye masa sulusin birni, daga tartsatsin maƙera guda. Ya tara fadawa ya nemi mafita. Wazirinsa Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, birnin nan a cakuɗe yake. A raba shi huɗu: unguwar kwana, da kasuwa, da fadamar masu lambu, da bayan ganuwa don masu wuta da masu wari." Sarki ya yarda, aka yi shela, aka bi ƙofa ƙofa ana shafa wa gidajen da za su tashi farar ƙasa.

Aka shafa wa ƙofar Tabawa. Ta kankare. Aka sake shafawa, ta sake kankarewa. Sai aka kai ta fada.

Ta durƙusa, amma wuyanta a miƙe. Waziri ya ce, "Inna, gidanki wurin kwana ne ko wurin sana'a?"

"Allah ya ba ka nasara, ai a nan nake kwana, a nan kalwata take kwana. Ɗakinmu ɗaya."

Fadawa suka tuntsire da dariya. Waziri bai yi ba. Ya ce, "Wutarki kwana take yi tana ci a ƙarƙashin tukunya, dangar maƙwabcinki kuma ta kara ce. Ki bar daddawa ki zauna, ko ki riƙe ta ki tashi."

"In bari in ci me? Miyar da ka sha jiya, da me aka kaɗa ta?"

"Da daddawarki, Inna. Amma doka ta fita."

Aka yi mata tayin fili, ta ce albarka. Aka ƙara da ginin ɗaki biyu, ta ce ba a ma fara ba. Aka ƙara da rumfa a kasuwa, ta kawar da kai kamar yadda take wa mai taya daddawa da raini. Ita kuwa a ranta ta san wannan ba ciniki ba ne, domin mai sayen ba zai tafi ba, ita ma ba ta da ikon naɗe tabarma. Ta duba zauren ko za ta ga wanda zai tsaya mata. Kowa ya sunkuyar da kai.

Sarki ya ce, "Baiwar Allah, mutanen da suka fi ki dukiya sun tashi. Me ke cikin gidan nan?"

Ta dubi sarki. Sannan ta ce, "Zaki, 'ya'yana ne. Duk wanda na haifa bai kai yaye ba. A bayan ɗakina marigayi maigidana ya binne su, gindin magarya. Yanzu a kasonku huɗu, su 'yan wane kaso ne? Ba sa wuta, ba sa wari, ba sa ciniki. In kwana ne, ba za su farka su biya haraji ba. Wanda za a ba gidan, a kansu zai kafa turken jaki."

Sarki ya dubi waziri. Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, in an bar ta, gobe maƙera za su dawo. Tashi kam sai ta tashi. Amma na ƙirga masu rai, na manta da waɗanda ke ƙasa. A ƙara kaso na biyar, wanda ba a gini ba a haƙa."

Sarki ya ce, "An ƙara. Inna, faɗi farashin gidanki."

Tabawa ta goge fuska da bakin mayafi, ta gyara zama.

"Ɗaki biyun nan ku bar shi ɗaya, rumfar ku ba wani. Ku zagaye mini magaryar da katanga, ku yi mata ƙofa ta waje, makullin a wuyana. Haka na sallama."