Lambar da Ke Cikin Aljihun Baba Agogo

Akwai wani mutum da kowa ke kira Manaja, har matarsa idan tana son tsokanarsa. Manajan wani kamfanin sayar da kayan gini ne a wani babban birni, irin birnin da za ka shiga mota da hantsi ka sauka da azahar ba ka kai ƙarshensa ba. Mutum ne mai riƙon iyaye, wannan kam ba zan rage masa ba. Amma fa akwai ji da kai. Ko gaishe shi ka yi, sai ya kalli takalminka kafin ya amsa.

Mahaifinsa a gidansa yake zaune. Tsohon mai gyaran agogo ne, ya yi shekara arba'in a kan benci ɗaya a bakin tsohuwar tasha, shi ya sa ake ce masa Baba Agogo. Da tsufa ya kama shi sai mantuwa ta shigo. Zai ci abinci ya ce ba a ba shi ba. Wani lokaci ya kalli Manaja ya tambaye shi daga ina baƙo. Ga kuma ciwon suga, kullum da safe sai an yi masa allura kafin ya karya.

Ƙanwar Manaja, wadda suke kira Auta, malamar makaranta ce, duk Asabar take zuwa duba Baba. Ita ce ta ji labarin wata 'yar ƙungiya a bayan kasuwa. Ko allon suna a bakin ƙofa ba su da shi. Ɗaki ne guda a ƙarƙashin matakalar wani bene, da keken ɗinki uku, da babban littafi ɗaya, da wata tsohuwar waya da aka rataye a ƙusa, kullum tana jikin caji. Mutanen kasuwa na ce musu Masu Lamba.

Aikinsu ɗaya ne. Suna ɗinka ɗan farin ƙyalle da jan zare a cikin wuyan rigar tsofaffi masu mantuwa. A jikin ƙyallen akwai lambar tsohon da lambar wayar nan ta ƙusa, ba suna, ba adireshi. Sunan da ciwon da mutum ke da shi da lambar 'yan'uwansa suna cikin littafi. Sannan duk mako sai su bi tashoshi da kasuwanni suna faɗa wa masu shayi da masu shara da masu gyaran takalmi cewa idan suka ga tsoho yana zagaye wuri ɗaya, su duba rigarsa. Ba sa karɓar ko sisi.

Shugabarsu wata dattijuwa ce da ake kira Inna Tela. Auta ta kwashi rigunan Baba bakwai ta kai mata, aka ɗinka, ta mayar da su durowa ba ta faɗa wa yayanta ba. Ta san halin kayanta.

Ai kuwa asiri bai daɗe ba. Wata rana manyan baƙi daga kamfani suka zo gaishe da Baba, wuyan rigarsa ya juye, ɗaya daga cikinsu ya hango ƙyallen ya ce, "Manaja, wannan lambar fa? Ta wanki ce?"

Kunya ta kama Manaja kamar ƙasa ta tsage ya shige. Baƙi na fita ya ɗauko reza, ya bi rigunan nan ɗaya bayan ɗaya ya yanke ƙyallayen. Ya kira Auta ya wanke ta tas a waya. Bai huce ba sai da ya tuƙa mota har bayan kasuwa, ya sunkuya ya shiga ɗakin, ya zube ƙyallayen a kan keken Inna Tela.

Ya ce, "Baiwar Allah, mahaifina ba buhun siminti ba ne da za a buga masa lamba. Ina da maigadi, ina da kyamara a ƙofa. Ku je ku yi wa waɗanda ba su da gata."

Inna Tela ta sauke tabarau ta dube shi. Ta ce, "Sannu da zuwa, ɗana. Ga kujera."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ki goge sunansa daga littafin nan."

Ta ce, "Wadda ta sa aka rubuta, ita za ta ce a goge. Allah ya sa dai kada a buƙaci littafin."

Ta tattara ƙyallayen ta ci gaba da ɗinkinta, ko a jikinta. Shi kuwa ya fita yana kaɗe hannun riga, har ya buge kansa da matakala.

Bayan wata uku, wata Talata da safe, motar ruwa ta zo gidan. Maigadi ya buɗe ƙofa duka biyu, ya tafi bayan gida yana riƙe wa direba tiyo. Matar Manaja ta riga ta yi wa Baba allurarsa, ta shiga kicin ɗauko masa abin kari. Ta fito da faranti ta tarar da kujera babu kowa.

Kyamarar nan da ake taƙama da ita ta yi aikinta tsaf. Ta nuna Baba yana fita da ƙarfe tara da minti goma, ya juya hagu. Daga nan kuma ba ta san komai ba.

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon suga ya san abin da ake tsoro. An yi allura, ciki babu komai. Idan sugansa ya faɗi zai yanke jiki ya faɗi a titi, kuma ba zai iya faɗa wa kowa sunansa ba, balle ciwonsa.

Manaja ya baro ofis ko kwat bai ɗauka ba. Ya ɗauko Auta daga makaranta, suka bi layi-layi. Suka je tsohuwar tasha, suka tarar an rushe ta tuni an gina shaguna. Suka kai rahoto, suka leƙa asibiti biyu, suka watsa hoton Baba a waya. Sha ɗaya ta wuce, sha biyu ta wuce, shiru.

Auta ta ce, "Yaya, mu kira Inna Tela."

Ya kifa kansa a kan sitiyari. Ya ce, "In ce mata me? Da hannuna na yanke su, Auta. Da hannuna."

Bai rufe baki ba wayar Auta ta yi ƙara. Ta duba, ta ce masa Inna Tela ce, ta buɗe murya yadda zai ji.

Inna Tela ta ce, "'Yata, ku kwantar da hankalinku, an ga Baba. Lafiyarsa lau. Ya sha shayi mai suga kofi biyu da burodi, yanzu haka yana can yana faɗa da mutane a kan agogo."

Jama'a, Auta ta ce ba ta taɓa ganin yayanta yana kuka ba sai ranar. Babban mutum da shi, ya kasa tayar da mota. Sai da suka yi minti biyar a gefen titi, ita tana dariya tana hawaye, shi yana ta maimaita alhamdulillahi kamar ba shi da wata kalma.

Wurin da aka kwatanta musu can wata unguwa ce mai nisa, ƙarƙashin wata gadar masu tafiya a ƙasa. Ashe Baba motar haya ya shiga, kwandasta ya ga tsoho ne ya ƙyale shi, har aka kai inda mota ke juyawa. Ko shekara Manaja zai yi yana nema, ba zai kawo wurin nan a ransa ba.

Suka iske Baba zaune a kan benci a rumfar wani mai gyaran takalmi, an cire masa takalmi ana ɗinke masa igiyar da ta tsinke. Inna Tela ma ta riga su isowa, tana gefe da jakarta a cinya.

Mai gyaran takalmin ya ba su labari. Ya ce, "Ranka ya daɗe, sau huɗu ya wuce ta gabana. A na biyar na ga yana gumi, hannu na rawa. Na zaunar da shi na duba wuyan riga, babu ƙyalle, sai guntayen jan zare. Ni kuwa na san zaren Inna. Sai na ce, Baba, bari in ga aljihunka. Ina juyo shi sai ga lamba. Na kira, Inna ta buɗe littafi ta ce maza a ba shi abu mai zaƙi, kada a jira kowa."

Manaja ya juya ya kalli Inna Tela. Ya ce, "Aljihu?"

Ta ce, "Biyu muke sakawa a kowace riga. Na wuya yana yi wa wasu tsofaffin ƙaiƙayi, sai su tsinke shi. Shi ya sa muke ɓoye ɗaya a can cikin aljihu, duk mutanenmu sun sani." Ta ɗan yi murmushi. "Wasu kuma 'ya'yansu ne ke yankewa. Kada ka damu, kai ne na goma sha ɗaya."

Auta ta toshe baki da mayafi. Mai shayin da ke kusa kuwa bai ɓoye tasa dariyar ba.

Manaja ya durƙusa a gaban dattijuwar nan, a cikin ƙura, da wandonsa mai tsada. Ya ce, "Inna, ki yafe mini. Na ci mutuncinki a wurin aikinki."

Ta ce, "Tashi, ɗana, ni ban riƙe ka ba. Kunya ce ta sa ka, na san ta. Ni ma kunyar ce ta hana ni faɗa wa maƙwabta cewa maigidana ya fara mantuwa. Ranar da ya fita, kwana tara muna nema. Da muka same shi a asibiti, an riga an rufe masa fuska. Kai ka samu naka a zaune yana shan shayi. Je ka gaishe shi."

Ya matsa ya tsuguna a gaban mahaifinsa. Baba bai gane shi ba. Sai dai ya kama hannunsa, ya kai agogon Manaja kunnensa, ya saurara. Ya ce, "Yana gudu da minti biyu. Mai shi ma da alama akwai gaggawa."

Manaja ya ce, "Haka ne, Baba. Ina za ka je da ka fito?"

Baba ya ce, "Ɗana zan ɗauko daga makaranta. Garin nan da girma, shi kuma ƙarami ne." Ya dafa kafaɗar Manaja kamar mai lallashi. "Amma ba zai ɓace ba. Kullum sai na rubuta sunana da inda bencina yake a takarda, na saka masa a aljihu."

Nan take Manaja ya tuna. Ya tuna takardar, an ninke ta huɗu, an maƙale ta da fil a cikin aljihun rigar makarantarsa. Ya tuna yadda yara ke yi masa dariya, yana cirewa yana yarwa a hanya, washegari Baba ya sake rubuta wata ba tare da ya yi masa faɗa ba.

Ya riƙe hannun tsohon da hannu biyu. Ya ce, "Bai ɓace ba, Baba. Yana gida yana jiranka. Tashi mu je."

Suka biya asibiti aka auna Baba, likita ya ce shayin nan ne ya cece shi. Kafin la'asar yana kan kujerarsa yana cewa ba a ba shi abinci ba tun jiya. Matar Manaja ta ce ba ta taɓa jin daɗin wannan ƙorafin ba sai ranar.

Asabar na zagayowa Manaja ya ɗauko rigunan nan bakwai da kansa, ya sunkuyar da kai sosai a wannan karon, ya yi sallama a ɗakin ƙarƙashin matakala. Ya ce a yi masa sababbin ƙyallaye. Inna Tela ta jawo wani gwangwanin maɓallai daga ƙarƙashin keke, ta buɗe, ta zaro ƙyallaye bakwai ɗaure da jan zare.

Ta ce, "Ba sai an yi sababbi ba. Ga naka nan, na ajiye maka."

Ya zauna a kujerar da ya ƙi zama a kai wancan karon, ya ce a nuna masa yadda ake zura zare. Na farkon a karkace ya fito, amma shi ya ɗinka shi da hannunsa.

Darasi: Kada ka raina masu ƙaramin aiki don ba su da allo ko babban ofis, kuma kada kunyar idon mutane ta hana ka kare wanda ya kare ka kana ƙarami. Idan akwai tsoho mai mantuwa a gidanku, yau ɗin nan ku saka masa lambar waya a aljihu. Idan kun san wata 'yar ƙungiya da ke aiki shiru a unguwarku, ku je ku gaishe su ku tambayi abin da suke buƙata. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa, wataƙila ya isa wani gida kafin a bar ƙofa a buɗe.