Mutumin da Ya Goge Tarihin Aikinsa

Akwai wani mutum mai gina shafukan intanet, sunansa Filibus. Gwani ne, ya kuma san shi gwani ne, a nan matsalarsa take. Shi da abokiyar aikinsa Rahila suka karɓi aikin gina wa wata ƙungiyar manoma shafin rajistar iri. Duk manomin da bai shiga rajista kafin damina ba, babu iri a gare shi a shekarar.

Suna da rumbu guda a intanet inda suke zuba aikinsu, irin wanda masu sana'ar ke kira Git. Rumbun nan ba ya mantuwa. Ko harafi ɗaya ka canja, sai ya rubuta sunanka da ranar da abin da ka taɓa. In aiki ya lalace, sai a bi sawu a koma inda yake lafiya.

Ana saura kwana uku a buɗe rajista, Filibus ya yi wani gyara cikin gaggawa, bai gwada ba ya zuba a rumbu. Shafin ya tsaya cik. Da ya duba, ga kuskuren, ga sunansa a kai ɓaro-ɓaro. Maganin ba wuya: ya janye gyaran, ya ce wa Rahila, "Ni ne." Amma kunya ta rufe shi. Ya ce a ransa, "Ni da na koya mata aikin nan, ita za ta ga wannan shirme da sunana?"

Sai ya ɗauko wani tsohon kwafi na wata biyu baya, ya danne rumbun da shi. Na'urarsa, wato kwamfuta, ta gargaɗe shi, ya yi kunnen uwar shegu. Ya bi abin da ke tasa na'urar ma ya share. Kuskuren ya ɓace, tare da duk abin da aka gina cikin watannin nan biyu. Ya lallashi kansa cewa ai Rahila tana da nata aikin a na'urarta.

Washegari Rahila ta shigo da na'urar aro. Ta ce, "Yaya Filibus, wutar lantarki ta ƙona tawa jiya. Amma na gode wa Allah, komai nawa yana rumbu."

Ta buɗe rumbun, ta rufe, ta sake buɗewa.

"Yaya, ina aikina?"

Ya ce, "Wataƙila rumbun ne ya sami matsala."

Ta dube shi, idonta cike da hawaye. "Rumbu ba ya share kansa. Ko me ka ɓata, da ka bar shi a rubuce, da minti biyar ya ishe mu."

Ruwan farko na damina ya sauka, shafi bai tashi ba. Manoman da ke nesa, waɗanda ba su iya zuwa rajista da ƙafa ba, suka rasa iri, gonaki da yawa suka zauna ba shuka. Rahila ta bar aiki da shi. Sunansa dai bai fito a kan kuskuren ba, amma garin duka ya san na wane ne.

Ma'anar wannan misali ita ce, rumbun nan lamirinka ne, inda Ubangiji ya sa kome ya zauna a rubuce. Bai yi haka don ya kunyata ka ba, sai don ka san inda ka kauce, ka iya komowa. Janye gyara shi ne tuba. Danne rumbu kuwa shi ne ƙaryar da muke rufe laifi da ita, kuma ba ta cin mai ita kaɗai. Tana cin matarka, da 'ya'yanka, da ɗan'uwan da ya amince da kai.

'Yan'uwa, akwai waninmu a nan da ya fi shekara yana share sawunsa. Ka daina. Ka je yau, ka sami wanda ka cuta, ka ce, "Ni ne." Sawun da kake sharewa, shi kaɗai ne hanyarka ta komawa gida.